Ɓerayen Dakta Haulat

Insifekta Ɗanliti ya lura takalmi ɗaya ne kawai a ƙofar ɗakin gwajin da ke Kambarawa, silifas ɗin Yero mai kiwon ɓerayen. Ta gilashi aka bar shi ya leƙa, domin cutar da ke ciki tarin fuka ce.

"Aikin shekara uku aka rusa mini," in ji Dakta Haulat, mai binciken. "Ƙwayar cutar tana da makunni a jikinta, shi ke tayar da muguntarta. Mun kashe shi. Ɓerayen da muka sa wa mai rauni ya kamata su rayu, ga su goma sun mutu. Sai na ga bayan wanda ya yi wannan."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da Yero, da abokin aikina Dakta Abbas."

Yero bai ruɗe ba. Ya ɗago mataccen ɓera ya nuna ta gilashin.

"Ranka shi daɗe, ni ban yarda da katin da ake liƙa wa keji ba. Yadda muke tsaga kunnen shanu haka nake yi masu. Dama, mai rauni. Hagu, mai ƙarfi. Waɗannan duk hagu ne. Musanya masu keji aka yi."

Abbas kuwa a ofis ya karɓe shi da fara'a.

"Rabona da ɗakin gwajin nan sati biyu, Yallaɓai."

Insifekta ya dubi filastar da ke babban yatsan Abbas. Da hantsi ya zagaya asibitin ma'aikata, ya dawo wurin Abbas.

"Dakta, mi ya kai ka neman gwajin tarin fuka shekaranjiya? Ka ce masu ɓeran gwaji ya cije ka."

 Abbas ya juya ga Haulat, wadda ke tsaye bakin ƙofa.

"Ni ne. Ni na gano makunnin nan tun kafin ki zo. Kika je taro Abuja kika karanta aikin da sunanki ke kaɗai, ina zaune ina tafa miki. So na yi duniya ta ce ƙarya kika yi. Kuma ban yi nadama ba."

Kofur ɗin da ke tare da Insifekta ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

"Abin da ya faɗa gaskiya ne, Dakta?" Insifekta ya tambaye ta.

Haulat ta gyara mayafinta, ta ɗauki jakarta ta fita.