Gunkin da Ba a Fitar wa Idanu Ba

A zamanin Sarki Nahau Kan, da rani ya kusa fita, uwar sarki Ish Kukul ta rasu alhali 'ya'yanta biyu na yaƙi da juna. Sarki ya kewaye ƙaninsa Nabatun a garin kan dutse saboda rigimar gadon sarauta, har masara ta fara ƙare wa mutanen ciki.

Al'adar gidan ita ce a zuba tokar mamaci a cikin gunkin itacen al'ul, kuma dole kowane ɗa ya sa wa bishiyar gatari da hannunsa. Sai sarki ya kira masassaƙin fada, tsoho Napuk Che, wanda ya goyi yaran nan biyu a kafaɗa.

"Baba, je ka kira shi. Kai ne zai yarda da maganarka."

Napuk ya je, Nabatun ya yarda. Amma a hanyar dawowa tsohon ya ga sarkin yaƙi yana raba wa 'yan baka wurin ɓuya a bakin kurmi. Zuciyarsa ta karye, domin da amanarsa za a jawo yaron ga mutuwa.

Ya zaɓi wata tsohuwar al'ul da ke can cikin kurmi, ya turara gindinta da rassan itacen ƙamshi na kan tsauni, ya nemi gafararta. Da 'yan'uwan biyu suka iso gindin bishiyar, ya miƙa wa sarki gatarin dutse.

"Ranka ya daɗe, ka san doka. Wanda ya sari itacen gunki ba ya zubar da jini, ko ya sa a zubar, sai masassaƙi ya ce an gama."

Sarki ya yi murmushi. Aikin wata guda ne, kuma mai jiran ƙaninsa bai gaji da jira ba. Ya kai sara, Nabatun ya karɓa ya kai nasa. Jan cikin itacen ya bayyana, ƙamshi ya tashi, irin na akwatin tufafin uwarsu. Nabatun ya kasa riƙe hawaye.

"Yaya, ka sara a karkace, kamar kullum."

"Rufe mini baki," in ji sarki.

Aka janye 'yan baka, aka ɗage kewayen zuwa ranar da za a gama. Napuk ya shiga bukkar sassaƙa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Duk shekara sarki yakan tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, an gama?"

"Saura idanu, ranka ya daɗe. Hannuna ne ya tsufa."

"Hannunka ko wayonka?"

Tsohon sai ya yi tari, ya ci gaba da gugar itace. A cikin shekarun nan fataken gishiri da waken koko suka koma bin hanyar garin kan dutse, 'ya'yan sarki suka san 'ya'yan Nabatun.

Napuk ya mutu idanun ba su fito ba. Bayan jana'iza wani sabon masassaƙi ya faɗi gaban sarki ya ce yini ɗaya ya ishe shi ƙarasawa. Sarkin yaƙi ya gyara zama. Sarki ya daɗe yana shafa fuskar gunkin uwarsa, sannan ya ce:

"Bar ta haka. Ba na so ta buɗe ido ta ga abin da na yi niyya."

Masu riƙe da tarihin gidan sun ce Nabatun ya mutu da furfura a kan tabarmarsa. Ni dai abin da na gani shi ne, sau da yawa mai mulki yana son ya fasa mugunta, sai dai ya rasa wanda zai ba shi hujjar fasawa ba tare da ya kunyata ba.