Tsohuwar Ƙofa

A layin sayen tikiti suka haɗu, wata Asabar da rana, ranar da aka fara nuna kashi na biyar na Rijiyar Sama. Fim ne na wani jirgi da ke yawo tsakanin taurari yana nema wa mutanen duniya ruwa, kuma kusan duk wanda ke layin da shi ya girma. Layi ya ƙi tafiya, sai aka koma gardamar da aka saba: wane kashi ne ya fi muni.

Shi injiniyan lif ne, na'urar hawa bene, wata huɗu da dawowarsa daga karatu a waje. Shekara takwas ya yi a can, ya dawo da takarda da ɗabi'ar magana kamar ba a jiran amsa.

"Na huɗu ne," ya ce. "Jirgi ya yi fim uku yana tafiya gaba, a na huɗu ya juya baya wai an manta da mutum ɗaya. Awa biyu da rabi ana juya kan jirgi."

"Na biyu fa?" in ji wani mai hular kwano. "Wanda ruwan ya fara magana?"

"Na biyu wauta ce mai daɗi. Na huɗu wauta ce mai sa barci."

Aka yi dariya. Sai wata murya ta fito daga bayansa.

"A wane harshe ka kalle shi?"

Ya juya. Budurwa ce mai siririn tabarau, ta rungume jaka a ƙirji, ba ta cikin masu dariyar.

"A harshen da aka yi shi mana."

"To ba ka kalle shi ba. Ka nemi fassarar."

"Fassara ba ta gyara labari."

"Sannu, Alƙali. Ka yanke hukunci ba ka ji shaidu ba."

Sunan ya zauna. Kafin su kai taga ya san a shagon tabarau take aiki, ita ce mai gwada ido. Kafin a kashe fitilun zauren ya raɗa mata nata sunan, 'Yar Huɗu. Na biyar ɗin bai tuna komai a cikinsa ba.

Ranar Talata ya je shagon da ƙaryar ciwon kai. Ta zaunar da shi, ta ɗora masa ƙarfen gwaji a hanci, ta ce ya karanta layin ƙasa. Ya kasa.

"Shi ya sa," ta ce, tana rubutu. "Ashe duk hukuncin nan da ido ɗaya da rabi ake yanke shi."

Daga nan saƙonni suka fara.

"Alƙali, ka ci abinci, ko kana can kana tuhumar lif?"

"Na ci, 'Yar Huɗu. Na hawa na shida ya amsa laifinsa."

"Ka yi masa sassauci. Tsufa ne."

"Ina son ganinki ranar Asabar. Da tabarau, don in gani da kyau."

"Ka zo. Amma kada ka ce na fi kyau da ba ka gani sosai."

Wata bakwai suka yi a haka. Gardamar na huɗu ta zama musu wasa. Duk sanda ta ce ya kalli fassarar sai ya ce sai ranar da ya yi mata babban laifi, ya zama horonsa.

Ya je gidansu sau biyu. Babanta dogo ne, kullum da mayafi a wuya ko ana zafi, ba ya magana sai da raɗa, kuma yana yawo da ƙaramin littafi don abin da raɗa ba za ta ɗauka ba. Ta ce an yi masa aiki a maƙogwaro, ba ta ƙara ba. A cikin kabad ɗin falo akwai wata tsohuwar makirufo a kan ƙyalle. Alƙali ya gan ta, bai tambaya ba. Ba mai tambaya ba ne.

Akwai kuma mai kantin magani na bakin layinsu. Shi yake kawo wa Baba magani har gida, shi yake kai shi asibiti a motarsa, kuma shekara biyu yana jiran 'Yar Huɗu ta lura. Mutum ne mai haƙuri da bincike.

Ranar da Alƙali ya je neman izinin turo manyansa, ya tarar da mai kantin magani zaune a falo. Baba bai miƙa hannu ba. Ya tura masa wata takarda a kan tebur.

Rubutun Alƙali ne. Shekara shida da suka wuce ya yi shi, a ɗakin ɗalibai, da sunan da ba nasa ba, a wani zauren masoya fim a intanet:

"Na gwada fassarar na huɗu. Wanda ya yi muryar Kyaftin, don Allah ya ji tausayinmu ya yi shiru. Murya kamar tsohuwar ƙofa. Wanda muryarsa ta ƙare ya koma gida ya zauna."

A ƙasa an ja layi a kan adadin waɗanda suka yaɗa shi. Dubbai ne.

"Hoton da ke jikin sunan naka ne," in ji mai kantin magani. "Na duba sau uku, don kada in zalunce ka."

Baba ya buɗe littafinsa, ya yi rubutu, ya juyo masa shi.

"Ni ne ƙofar. Na koma gida na zauna. Kai ma koma naka."

'Yar Huɗu tana tsaye a bakin labule. Ya dube ta, ta cire tabaranta ta shiga goge su da gefen mayafi, ba ta ɗago ba.

Saƙonta ya same shi a cikin mota.

"Babana ne ya yi muryar Kyaftin tun na ɗaya. Ana cikin na huɗu aka ga ƙari a maƙogwaronsa. Likita ya ce a yi aiki nan take, Baba ya ce sai ya gama fim ɗin, sati uku. Da ciwon ya yi shi. Bayan rubutunka yara suka riƙa binsa a hanya suna kukan ƙofa. Ban san kai ne ba. Ban gaya maka ko shi wane ne ba don ina so wani ya so ni ba don Kyaftin ba, ba kuma don tausayi ba. Kada ka kira."

Bai kira ba. Ya wuce gidan yayarsa, ya same ta tana guga, ya karanta mata duka.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ina da shekara ashirin da biyu, Yaya."

"Ina da shekara ashirin da biyu na haifi biyu, ban zagi uban kowa ba." Ta juya rigar. "Muryar ta yi muni har haka?"

Ya shiga duba wayarsa.

"Auta, da kai nake."

"Minti goma na kalla."

Ta ajiye dutsen guga. "Minti goma. Ka kashe wa mutum kasuwa da minti goma."

"Dare ne, ana sanyi, ina kewar gida. Na kunna don in ji Hausa, na ji ba muryar da na sani ba ce. Haushi ya kama ni."

"To ka je ka gaya masa sanyi ne ya jawo. Zai ji daɗi."

Ranar Lahadi da safe ya sa tabaransa ya kunna fassarar na huɗu. Labarin bai canza ba. Jirgin ya juya, aka yi ta juyawa. Amma a fim ɗin asali Kyaftin ihu yake yi wa ma'aikatansa daga farko har ƙarshe. A nan ba ya ihu, don ba zai iya ba. Magana yake a hankali, yana tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar jimla, kamar mutumin da ya san adadin kalmomin da suka rage masa. A wurin da na asali ya daka tsawa cewa a juya jirgi umarni ne, wannan cewa ya yi, "Ku yi haƙuri da ni. Ba zan iya shan ruwan nan ba in babu shi."

Alƙali ya tsayar da fim ɗin. Sannan ya sake kunna shi, ya ƙarasa.

Ya goge tsohon rubutun. Ya yi sabon rubutu da sunansa na gaskiya, ya faɗi abin da ya yi da minti goman da ya kalla, ya nemi gafara. Mutum goma sha ɗaya suka karanta. Ɗaya ya rubuta a ƙasa, "Wace ƙofa kuma? Oh, na tuna!" da fuskar dariya.

Sati biyar ba labari. Ya ji a bakin mai gadin shagon tabarau cewa motar mai kantin magani tana zuwa ɗaukarta. Ya tura saƙo ɗaya tak.

"Na kalla har ƙarshe. Ba don ki dawo nake faɗa ba. Kin ce in ji shaidu, na ji a makare."

Bayan kwana biyu amsa ta zo.

"Baba ya ga sabon rubutun. Ni na nuna masa. Mai kantin magani ya nemi aurena, na ce a'a, ba don kai ba, don ba na sonsa. Baba ya ce ka zo Asabar ƙarfe huɗu. Zai yi maka tambaya ɗaya. Ban san ko mece ce ba. Alƙali, kada ka yi wayo."

Ya je. Falon yana nan yadda yake, makirufo a kabad, littafi a kan tebur. Umma, mahaifiyarta, ta ajiye ruwa ta fita. 'Yar Huɗu ta zauna a hannun kujerar babanta.

Baba bai taɓa littafin ba. Ya matso, ya yi raɗa.

"A cikin biyar ɗin, wanne ya fi muni?"

Alƙali ya ga hanyar a buɗe. Na biyu yana nan da ruwansa mai magana, ba wanda zai zarge shi. Na biyar ma yana nan, wanda aka ba wani muryar Kyaftin. Ya dubi 'Yar Huɗu, ta kawar da kai.

"Na huɗu ne, Baba."

Ya ci gaba.

"Labarin ba shi da kai. Har yanzu haka na gani. Amma abin da na rubuta a kan muryar ƙarya ne, kuma ban ma saurara ba na rubuta. Muryar ce kaɗai abin da ke da rai a ciki. Ba ni da abin da zan biya ka da shi."

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Sai da Alƙali ya duba da kyau ya gane dariya ce, marar sauti.

"Na huɗu ne," Baba ya raɗa. "Ranar da suka ba ni takardun na gaya musu. Wa yake juya jirgi awa biyu?" Ya yi tari, 'yarsa ta miƙa masa ruwa. "Da ka ce na biyu, da ka fita."

Sannan ya ja littafin, ya yi rubutu mai tsawo, ya miƙo.

"Muryata ba kai ka ɗauke ta ba, ciwo ne. Abin da ka ɗauke shi ne fita. Shekara shida ban zauna a taro ba. Wannan ba ya dawowa, kada ka ce za ka dawo da shi. Na yafe. Ita kuma in ta yi magana, ka saurara har ƙarshe."

Alƙali ya karanta sau biyu. Ya nemi ya riƙe shafin, Baba ya yage ya ba shi.

A bakin ƙofa 'Yar Huɗu ta gyara masa zaman tabarau a hanci.

"Da ka yi ƙarya da na tsane ka."

"Na kusa."

"Na gani. Ni na gwada idon nan, na san inda yake kallo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. A wurin walima, a wani zaure mai fanka huɗu, Baba ya miƙe ba tare da an kira shi ba. Umma ta fito da tsohuwar makirufon daga jaka, mai kayan sauti ya sha wahala kafin ta kama. Wannan ne taronsa na farko.

Daga kujerun baya wani ya ce wa na kusa da shi, ba da ƙarfi ba, "Kai, ashe Tsohuwar Ƙofa ce." Ango ya ji. Ya san zai ci gaba da jin sunan nan a bakin mutanen da ba su san daga ina ya fito ba, kuma shi ya sani. Amarya ta ɗora hannunta a kan nasa, ta danne.

Baba ma ya ji. Ya ɗan jira, ya kai bakinsa jikin makirufo. Muryar ta fito a shaƙe, tana tsayawa a tsakiya, aka kashe fanka don a ji.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku haƙurin juna, da 'ya'ya masu jin magana." Ya ja numfashi. "In ɗaya ya tsaya a baya, ɗayan ya juya ya ɗauko shi. Ko da awa biyu da rabi ne."

Zauren ya amsa da amin. Ango ya amsa a ƙarshe, bayan ya tabbata Baba ya gama.