Wanda Ya Fara Sha

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da direbanmu ya gama ɗaure sauran bututu a bayan mota. Sai a sannan na lura Yaya ba ya nan. Direba ya ce ya koma wajen famfo, wai ƙishirwa ta dame shi. Na bi bayansa ina mita, don hanyar fita ƙauyen ba ta biyuwa idan duhu ya yi.

Mu injiniyoyi ne 'yan sa kai. Yayana ke jagorantar haƙa rijiyar burtsatse, ni ke gwada ruwa. Mutanen ƙauyen nan kududdufi ɗaya suke sha da dabbobinsu, amai da gudawa kuwa sun cika musu maƙabarta da ƙananan kaburbura. Na'urarmu ta nuna ruwa a wani fili bayan gidaje, fili mai kyau, amma ba gona ba turken akuya. Da muka tambayi dalili, dattijon ƙauyen ya yi murmushi ya ce ai mu aka ajiye wa.

Yaya yana da wata ɗabi'a a aiki. Duk inda muka haƙa, shi ke shan kofin farko a gaban jama'a, don su yarda maganin da muke zuba wa ruwa ba guba ba ne. Da hantsin ranar ya cika kofi, ya ɗaga sama, ya shanye tas. Ba wanda ya yi tafi. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido da tafin hannu. Ni sarkin ilimi na ce ƙauyanci ne kawai.

Da yammar nan kuwa, tun daga nesa na ji janareta a kashe yake. Amma famfon yana ƙara. Ba ƙarar zubar ruwa ba, wani tsotso ne a hankali, irin na jariri a kan nono. Wurin yana warin ɗanyen laka.

Mutanen ƙauyen suna tsaye a bakin filin, kowa da bokiti ko jarka. Sun yi layi. Ko tari babu mai yi.

Yaya yana durƙushe, bakinsa a kan famfon.

"Yaya, tashi mu tafi mana. Sai ka shanye musu ruwan?"

Bai juyo ba. Na dafa kafaɗarsa, hannuna ya sauka a kan ƙashi. Mutumin da kullum nake tsokana da tumbi, ga rigarsa tana reto a jikinsa kamar buhu. Agogonsa ya zame daga hannunsa ya faɗi. Na dubi maƙogwaronsa. Ba ya haɗiya.

Ba shi ke shan famfon ba. Famfon ke shan sa.

Na rungumo ƙugunsa na ja da iya ƙarfina. Ko gezau. Na juya wajen masu layi.

"Don girman Allah ku kama mini shi."

Wata tsohuwa ta matso. A ƙofar gidanta muke hutawa kullum da rana, ita ke shimfiɗa mana tabarma. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Bar shi, 'yata. Mai wurin ba ya sakin ruwansa sai ya karɓi na jikin wanda ya fara sha."

"Kun sani, Iya?"

"Jikokina nawa na binne, kin sani? Da namu da na wasu, ke wa za ki zaɓa?" Ta gyara riƙon bokitinta. "Kuma ai ba mu muka ce ya sha ba."

Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsani tsohuwar nan ba, har gobe kuwa.

Tsotson ya tsaya.

Yaya ya ɗago. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa ciki. Ya lalubo kofin ya tara. Ruwa ya zubo garau. Ya miƙo mini.

"Sha, ƙanwata."

Bakinsa bai motsa ba. Daga cikin bututun muryar ta taso, daga can ƙasa.

Ƙishirwa ta shaƙe ni. Harshena ya manne.

Hannuna ya miƙa da kansa.

Na ji sanyin kofin a yatsuna.

Sai ɗayan hannun Yaya ya ɗago da ƙyar, ya buge kofin. Sannan Yaya ya kife a gefen famfon.

Direba ne ya fizge ni ta baya, ya ja ni a ƙasa ina kiran Yaya. Da na waiwaya, layin ya fara motsi. Matar da ke gaba ta tsallake ƙafafun Yaya ta tara bokitinta.

Washegari aka ɗauko gawar. Likita ya ce rashin ruwa a jiki ne ya kashe shi, kamar wanda ya ɓata a daji. Ruwan kuwa da aka gwada, ba mu taɓa haƙo mai tsabtarsa ba. Yara sun daina mutuwa a ƙauyen, ƙungiyarmu tana ta alfahari da aikin. Na faɗa musu abin da idona ya gani, suka ce baƙin ciki ne, suka ba ni hutu.

Kwanan nan dattijon ya zo ofishinmu da kansa. Ya yi mini ta'aziyya har da ƙwalla. Sannan ya shaida wa shugabanmu cewa jama'a sun ƙaru, famfo ɗaya ba ya isa, kuma akwai wani fili da ba kowa kusa da makaranta. Ya roƙi a tura musu ni, wai sun riga sun saba da gidanmu.