Gudun Malam Badaru

"Wallahi Baba, ko shi ko babu!"

Barira ce ta faɗi haka a tsakar gida, muciya a hannunta, idonta ya yi jawur. Ubanta, Malam Sabo, ya dire buta a hankali.

"Sake faɗa in ji."

"Malam Badaru nake so..."

"Mai gajeren wando?"

"Baba..."

"Na ce mai gajeren wando? Ƙaton nan mai furfura da ke tsere da kajin mutane kullum safiya?"

Ta fashe da kuka. Mu kuwa maƙwabta duk mun liƙe a jikin danga, har da masu jego.

Bari in gaya muku ko wane ne Badaru, ku 'yan matan yanzu ba ku riske shi da ƙafa biyu ba. Malamin wasanni ne a firamaren garinmu, har shekarar da soja suka karɓi mulki aka yi ta sallamar ma'aikata, aka haɗa da shi. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, shekarunsa arba'in da biyar. Abu uku ya riƙe a duniya. Da an idar da asuba sai ya zura gajeren wando ya kama gudu, ba mai korarsa ba wanda yake kora, a lokacin da mutane ke lallaɓa ɗan kunun da ke cikinsu kada ya zazzage. Ranar kasuwa kuma yana gaban Dabo mai kukuma, ido a lumshe, har hawaye yake. Na uku, ɗan jam'iyyar masu rawani ne, a garin da kowa ɗan jam'iyyar talakawa ne. An hana siyasa, amma shi bai fasa wa'azinsa ba.

"Na gaba na gaba ne," in ji shi. "Ɗa ya bi uba, uba ya bi mai unguwa, mai unguwa ya bi hakimi. In aka tsinke wannan igiya, duniya ta watse."

Malam Sabo kuwa yana saurayi dogarai suka ɗaure shi a rana, don ya ƙi zuwa noman gonar hakimi. Har yanzu tabon igiyar na nan a damtsensa, kuma ba ya gajiya da nuna shi.

Ita Barira bazawara ce, 'yar ashirin da shida, mai fura a bakin hanya. Nan Badaru ke tsayawa in ya dawo daga gudu, yana haki.

"Sanyin idona, a dama ta sisin kwabo."

"Malam, wa ya biyo ka yau?"

"Tunaninki. Na kasa tsere masa."

"Kai Malam! Da girmanka!"

Sai ta ƙara masa ludayi biyu na nono, a shekarar yunwa, da ko ƙanwar uwa ba a yi wa gyara.

Akwai wani mai son ta, Dallatu, mai sayen hatsi ya ɓoye sai ya yi tsada. Shi kaɗai ne ya yi tumbi a wannan yunwa. Ya aiko da buhun gero gidan Malam Sabo, Barira ta sa aka mayar masa har ƙofar gida, da rana tsaka, kowa na kallo. Ya yi dariya. Ni dai ban ji daɗin dariyar nan ba.

Da kukan Barira ya ishi Malam Sabo, sai ya sa aka kira Badaru zaure.

"Ba zan haɗa jini da mahaukaci ba. Ka bar gudu. Ka bar zaman gaban makaɗi. In ka cika kwana arba'in, in ba ka ita."

"Jam'iyya fa, Baba?" in ji Badaru.

"Wannan ciwon ba ya warkewa. Ka dai riƙa yin shiru a gidana."

Badaru ya durƙusa.

"Na ɗauki alkawari. Ba zan sake gudu ba."

Ranar ya cusa gajeren wandon a murhu. Ranar kasuwa kuwa in Dabo ya ja kukuma, sai ka ga Badaru ya canza hanya, ya bi ta bayan mahauta, yana toshe kunne. Dabo har ya tare shi.

"Malam, laifin me na yi? Kai kaɗai ke jin abin da nake faɗa."

"Ka yi haƙuri Dabo. Ranar biki za ka kaɗa min har igiyar ta tsinke."

Ya rame, ya yi shiru. Barira na ƙirga kwanaki da tsinken tsintsiya.

"Saura tara, Malam!"

"Saura tara, farin cikina."

Ana saura kwana shida, da hantsi, kububuwa ta sari Malam Sabo a gonar gero. Aka kinkimo shi, ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa ta dasashi. Mai allurar garinmu ya ce shi ba shi da maganin, sai Gezawa. Mil tara. Motar garin ta fi wata biyar a kan duwatsu, babu taya. Keke ɗaya mai lafiya na Dallatu ne, ya tafi da shi cin kasuwar ƙauyen gaba.

Barira ta dubi Badaru. Ya tattare rigarsa ya fita.

Jama'a, mutumin nan ya je. Ya karɓo allurar, ya ƙunshe a jaka, ya danna a hammata, ya juyo. Hanyar dawowa ta ratsa tsakiyar waccan kasuwa. Da a gajeren wandonsa yake, da kowa ya ce mahaukacin malamin nan ne, a ba shi hanya. Amma ga dattijo da riga da dogon wando, ya rungume jaka, yana sheƙa gudu ta cikin 'yan hatsi, a watan da ake fasa wa mutane rumbu.

Dallatu na zaune a kan buhunsa. Ya gane shi sarai. Ya miƙe, ya cika ƙirji.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Mai sanda, mai taɓarya, mai bakin fartanya, duk suka yi kansa. Badaru ya buɗe baki zai yi bayani, numfashi ya ƙi. Ya kife a kan jakar, ya ba su baya. Sai da wani mahauci ya juya fuskarsa ya ce, "Kai! Malamin makaranta ne!" Kafin nan gwiwar dama ta tashi daga aiki.

"Jakar..." in ji shi. "Ku kai gidan Malam Sabo... kwalba ce, kada ta fashe."

Ba ta fashe ba. Malam Sabo ya tashi.

Dallatu ya zo dubiya da goro, yana ta salati. "Wallahi ban gane shi ba. Rana ce ta dake min ido."

Bayan wata biyu Badaru ya dogara sanda ya zo zaure. Barira na bayan ƙofa, ta sha lalle tun ba a sa rana ba. Malam Sabo ya gyara zama, ya miƙe ƙafar da aka ceto.

"Na gode, Allah ya biya. Amma me ka ce min a nan wurin?"

"Na ce ba zan sake gudu ba."

"Ka yi ko ba ka yi ba?"

"Na yi, Baba."

"To, magana ta ƙare. Dama ku 'yan jam'iyyar rawani haka kuke, alkawarinku ba ya kai arba'in. Kuma gurgu da me zai ci da ita?"

Barira ta banko ƙofa.

"Baba! Don kai ya yi! Ƙafarsa ya bayar aka bar maka taka!"

"Ban aike shi ba."

Da la'asar ta yafa gyale ta same shi a ƙofar gidansa.

"Malam, ni ba budurwa ba ce. Mu je wurin alƙali, ya ɗaura mana. Ko Kano mu tafi, in yi fura in ci da mu. Ni zan zama ƙafarka..."

Ya girgiza kai.

"Ubanki ya ce a'a."

"Zalunci ya yi!"

"Ko da zalunci ne. Shekara ashirin ina gaya wa garin nan ɗa ya bi uba. Yau don abin ya zo kaina sai in kai dattijo gaban alƙali? Barira, in ya ce a'a, a'a ce."

"Ni fa? Ni ban ce komai ba?"

"Ki yi biyayya, sanyin idona."

"Kada ka sake kirana haka."

Ta juya. Ko hawaye babu.

Dallatu ya sake aiko da buhu. Wannan karon da kanta ta farke shi da wuƙa a ƙofar gidansa, kajin unguwa suka yi salla. Ta ɗaure kayanta, ta ce za ta wurin 'yar uwar mahaifiyarta a Kano. Uban ya yi ta zagi, ko waiwaye.

Ranar Laraba wata akori-kura mai ɗaukar gyaɗa ta biyo ta garinmu, ta hau. Ni ma ina ciki, zan kai jikata asibiti, don haka wannan ba ji na yi ba. Hanya duk yashi da rami, motar na rarrafe kamar mai ciwon baya. Mun ɗan wuce makaranta sai ga Badaru a baya, yana dogara sanda yana jan ƙafa, hula ta faɗi bai tsaya ɗauka ba.

"Barira! Barira, tsaya! Na yarda... mu je wurin alƙalin!"

Ya yar da sandar, wai zai yi gudu. Taku uku ya kife. Ya tashi, ya sake kifewa.

Direba ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah, da ke ake. In tsaya?"

Ta dube shi can a cikin yashi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyara gyalenta, ta juya fuska gaba.

"Mu je, direba. Bai nemo izinin Baba ba."