Mai Gadin Karan Masallaci

A wani zamani, a garin da ko ni ban san hanyarsa ba, fari ya cinye tsirrai, saura tushe ɗaya na karan masallaci a tsagin dutse. Ɗan tsiro ne mara ganye, mai ɓoye ruwa a cikin karansa. Wata tsohuwa ke kula da shi, don da shi take yi wa yaran garin magani.

Da tafiya ta kama ta, sai ta kira ɗan ƙanenta, mutum mai tsaftar tsiya, ta ce, "Tushen nan ya tsufa, iri nake jira. In ya yi fure ƙudaje za su zo, ka ƙyale su."

Ya ce, "To, Gwaggo."

Fure ya buɗe, ja wur, yana warin mushe. Ƙudaje suka yi dafifi. Masu wucewa suka toshe hanci suna cewa, "Sannu da gadi, sarkin ƙuda!"

Kunya ta kama shi, ya ɗauko mafici. Ƙudaje suka zo da safe, ya kore su. Suka zo da rana, ya kore su. Har turare ya yayyafa wa furen.

Fure ya zube babu kwanso, tushen ya motse ya mutu.

Tsohuwa ta dawo, ta tsuguna ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Ƙuda ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan kafin a sami iri, ɗana."

Ya ce, "Amma Gwaggo, wurin ya yi tsaf."

Ta ce, "Ya yi." A bayanta wata mata na tsaye, goye da yaro mara lafiya yana kuka.