Auta da Kwamfutar Ya Najiba

A unguwar Dala akwai wata yarinya 'yar aji biyar, kowa a gida Auta yake ce mata. Yayarta Najiba tana shekarar ƙarshe a jami'a. Tana da kwamfutar tafi-da-gidanka, a ciki take rubuta aikinta na kammala karatu.

Wata Asabar ƙawayen Auta suka zo wasa. Ya Najiba ta tafi kitso. Auta ta so ta burge su, sai ta ɗauko kwamfutar ba izini. Tana gudu ta yi tuntuɓe da tabarma, kwamfutar ta faɗi ƙasa. Ta danna, ta sake dannawa, ta ƙi kunnuwa.

Da Ya Najiba ta dawo, Auta tana hawaye ta ce, "Ya Najiba, ni na ɗauka, ni na yar. Ki yi haƙuri."

Ya Najiba ta ce, "Sa mayafinki, tare za mu je wurin mai gyara."

Mai gyaran, Prince, ya buɗe ta ya duba.

"Had-dis ɗin ya mutu," in ji shi. "Shi ne rumbun da kwamfuta ke ajiya a ciki. Ga shi kuɗinsa ya ninka. An yi ambaliya a can ƙasar da ake ƙera shi, ruwa ya shanye masana'antu. Sai dai in kuna da tsohuwar kwamfuta mu ciro nata."

Ya Najiba ta ce aikin yana wayarta, amma da me za ta ƙarasa shi? Suka kamo hanyar gida.

Suna shiga gida, Auta ta tsaya cak.

"Farantin Kaka!"

Ta ruga ɗakin kakarsu. A can kuwa ga tsohuwar kwamfutar Baba da allonta ya fashe tuntuni. Kaka ta jera kwalaben turaren wuta a kanta.

"Ina za ki da farantina?" in ji Kaka.

"Kaka, ki ara mana, don Allah. Wannan karon tambaya nake yi."

Kaka ta yi dariya. "To, ɗauki. Amma ki kawo mini wani."

Suka koma wurin Prince, ya ciro had-dis ɗin tsohuwar ya sa a ta Ya Najiba, kwamfutar ta kawo haske.

"Ban taɓa gyara kwamfuta mai ƙamshi haka ba," ya ce. Har masu shagon gefe suka leƙo suna dariya.

Ya Najiba ta gama aikinta a kan lokaci, ta ci jarrabawa. Ranar walima ta rungume Auta ta ce, "Gobe zan fara koya miki kwamfuta, a zaune."

Daga ranar Auta ta gane: kayan wani ba a ɗauka sai an tambaya, in kuma an yi kuskure a faɗi gaskiya da wuri.