Abin da Umma Ta Gani a Ɗakin Bincike

Ranar da firijin ɗakin bincike ya mutu suka haɗu. A cikinsa aikinta na shekara uku yake, 'yan gutsattsarin nama da likitoci ke cirowa daga masu cutar dajin ciki, kowanne da lambarsa. Aka kira mai gyara. Ya shigo da jakarsa, ya tarar da budurwa cikin farar riga tana ta zagaya firij kamar za ta yi kuka.

"Malam, in kayan nan suka narke na shiga uku."

"Naman miya ne haka kike ji da shi?"

"Na mutane ne."

Sai da filaya ta suɓuce daga hannunsa. Amma ya yi bisimilla ya durƙusa, kafin la'asar firij ya tashi.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Farar Riga, ya mai jikin? Yana sanyi?"

Ta mayar: "Yana yi, Injiniya."

Kwana tara kullum tambayar kenan. Ta gaji ta rubuta: "Wai firij ɗin kake so ne?"

"Firij guda talatin ne a shagona. Ke ce babu."

Da maganar aure ta taso, babanta bai ja magana ba. Ya bincika, aka ce yaro yana sallah, yana da sana'a. Akwai wani likita mai mota da ke ta zarya wajenta, ta ba shi haƙuri. Matsalar daga Ummansa ta ɓullo.

"Wadda take wuni tana jagwalgwala naman mutane? Kuma cutar da ta ɗauke ubanka? Ka shigo min da ita gida? A'a."

Sati biyu shiru. Yarinya ta rame, ta ɗauka ya janye. Sai ga saƙo: "Ba zan iya saɓa wa Umma ba, ke ma ba zan iya barinki ba."

"Kar ka saɓa mata. Ka kawo min ita kawai."

Da ƙyar Umma ta zo ɗakin binciken, ta toshe hanci da mayafi. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ja mata kujera gaban na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Umma, leƙa nan. Waɗannan su ne ƙwayoyin da Allah ya gina cikin mutum da su. Kowacce in ta tsufa ko ta lalace, akwai wani sinadari, furotin muke ce masa, da ke kai mata saƙo cewa lokacinki ya yi. Sai ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta."

"Ikon Allah. Su ma da ajalinsu?"

"Da shi. To waɗannan na gefe, da suka cunkushe, saƙon ne ya daina isa gare su. Sun ƙi mutuwa, suna ta haihuwa, har su tsallaka hanta. Ita ce cutar. Ni aikina in gano inda saƙon ke tsayawa."

Umma ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, murya can ƙasa ta ce, "'Yar nan, ana zuba wa mutum ita a abinci?"

"A'a, Umma. Ba guba ba ce. Takan yi shekaru tana girma kafin a ji ciwo."

Sai hawaye. Ashe shekara goma sha ɗaya dangin mijinta na cewa ita ta ba shi wani abu ya ci. Ko ɗanta bai taɓa ji ba. Yarinyar ta cire safar hannu, ta wanke hannu, ta riƙe ta har ta yi shiru.

A hanya Umma ta ce da ɗanta, "Kai kuma me kake jira? Sai mai motar ya dawo?"

Ranar aure gida ya cika. Umma ta kamo hannun amarya, ta ratsa taron mata har gaban ƙannen marigayi mijinta su uku, ta tsayar da ita.

"Ga surukata. Cutar da ta kashe yayanku take bincike a kai. 'Yata, faɗa musu yadda kika faɗa min, kar ki rage komai."

Amarya ta faɗa, cikin ladabi, kanta a ƙasa. Babbarsu ta yi ta murza bakin mayafi, can ta ce, "Ki yafe mana."

"Na yafe," in ji Umma. Ta dafa kan amarya. "Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki aikinki, ya ba ku zuri'a mai jin magana."

Ɗaki ya amsa da amin.